Abuja Na da Filin Rantsar da Shugabanni, Amma Ina Dandalin Ma'aikaci?

Da ƙarfe huɗu na yamma ake tashi daga aiki a ma'aikatun tarayya, kuma kafin a kira sallar isha tsakiyar Abuja ta yi tsit kamar an share. Dubban mutanen da suka cika Sakatariyar Tarayya da hantsi sun bi hanyar Nyanya da Mararraba, ko ta Kubwa da Zuba, ko ta Lugbe da Gwagwalada, kowa na fatan ya tsallake cunkoso ya isa gida kafin 'ya'yansa su yi barci. Ranar Juma'a abin ya fi haka, domin masu hali suna kama hanyar Kaduna da Kano da Jos tun bayan saukowa daga masallaci. Wannan shi ya sa ake yi wa birnin shaguɓe cewa ofis ne mai faɗi da aka yi wa tituna. Shaguɓen yana da zafi saboda akwai gaskiya a cikinsa, kuma babu inda gaskiyar ta fi bayyana kamar a batun fita kallon kiɗa da wasannin fili.

Za a iya cewa ai Abuja cike take da kiɗa, kuma haka ne. A watan Disamba manyan mawaƙan Legas sukan zo su cika ɗakunan taro na otal-otal, ana sayar da teburi ɗaya a kan miliyoyin naira. A lambunan Wuse da Garki da Jabi akwai ƙungiyoyin makaɗa da ke kwana suna kaɗa jita ga masu cin gasasshen kifi. A wuraren bikin 'ya'yan manya kuwa, da tarukan siyasa, mawaƙan Arewa ba sa yankewa, sai dai da katin gayyata ake shiga. Abin da babu shi ne na huɗu: wuri a fili, a sa'ar da mai iyali zai iya fita, a farashin da ma'aikaci ɗan mataki na bakwai ko na takwas zai iya biya wa kansa da matarsa da yara uku, sannan ya samu motar komawa gida lafiya. Birnin da ya kai shekara talatin da ɗoriya a matsayin fadar gwamnati, tun ranar 12 ga Disamba 1991, bai kamata a ce har yau bai da irin wannan wuri ba.

Ba ƙarancin fili ne ya hana ba. Waɗanda suka zana taswirar birnin a 1979 sun bar wa lambuna da bakin rafuka da gindin duwatsu kaso mai tsoka, domin sun san cewa mutane ba a ofis kaɗai suke rayuwa ba. Lambun Millennium da ke Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ta buɗe a watan Disamba 2003 lokacin taron ƙasashen Kwamanwel, ya isa ya ɗauki taron dubbai ba tare da an taka wa kowa ƙafa ba. Ga bakin tafkin Jabi, ga tsohon filin fareti na Area 10, ga harabar filin wasa na ƙasa da aka gina domin wasannin Afirka na 2003, wanda aka raɗa wa sunan Moshood Abiola a 2019. Ga kuma Dandalin Eagle, wanda aka gina domin miƙa mulki a 1999. Sunansa dandali, amma aikinsa rantsar da shugaban ƙasa duk bayan shekara huɗu, da faretin ranar ma'aikata, da zaɓen fitar da gwani na jam'iyyu. Sauran kwanakin shekara yana nan a kulle, rana na dukan kujerunsa, ga shi kuma daf da Sakatariya inda masu buƙatarsa suke wuni.

Akwai kuma ginin da ya kamata a ce shi ne gidan kiɗa da wasan kwaikwayo na ƙasa baki ɗaya. Tun 2006 aka fara aikin Hasumiyar Millennium da Cibiyar Al'adu a tsakiyar birni, tsakanin Masallacin Ƙasa da Cocin Ƙasa, da niyyar a samu zauren wasanni da gidan tarihi. Duk wanda ya bi ta wurin yana ganin hasumiyar a tsaye, aikin kuwa bai ƙare ba. A daidai wannan tsawon lokaci Legas ta gyara babban gidan wasanninta na Iganmu, wanda aka gina gabanin bikin FESTAC na 1977, da kuɗin kwamitin bankuna, aka kuma sa masa sunan Wole Soyinka. Wato tsohuwar fadar gwamnati ta gyara nata, sabuwar ba ta gama gina nata ba.

Sai dai ko yau aka gama ginin, ba zai warware matsalar ma'aikaci ba, domin matsalarsa ta farko ita ce hanyar gida. Tun da aka mayar da alawus-alawus kuɗi a zamanin Obasanjo aka kuma sayar da gidajen gwamnati, ƙaramin ma'aikaci ya rasa wurin zama a cikin birni. Hayar Wuse da Garki ta fi ƙarfinsa, ballantana Maitama da Asokoro, don haka ya koma garuruwan gefe, wasu ma a jihar Nasarawa ko Neja suke kwana. An hana acaɓa shiga tsakiyar birni tun 2006, daga baya aka kori ƙananan bas-bas, amma manyan motocin da aka ce za su maye gurbinsu ba su taɓa wadatarwa ba ko da rana, bare da dare. Aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya ninka. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, kuma duk wanda ya lissafa kuɗin zuwa da dawowa daga Masaka na wata guda ya san abin da ke saura. Ga kuma 'yan wan-cans, waɗanda ke ɗaukar fasinja kamar direbobin haya su ƙwace masa waya su kwashe kuɗin asusunsa su jefar da shi a gefen titi. Mutumin da ya san wannan duka ba zai tsaya kallon wasan da aka rubuta za a fara ƙarfe bakwai, aka fara sha ɗaya, aka tashi biyun dare ba. Hankali ne ya hana shi, kuma ya yi daidai.

Jirgin ƙasan cikin birni, wanda aka ƙaddamar a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake tayar da shi a watan Mayu 2024, ya taimaka wa masu bin hanyar Kubwa da filin jirgin sama. Amma bai je Nyanya ba, bai je Mararraba ba, kuma can ne tururuwar mutane take. Sabbin tashoshin mota da aka gina a Mabushi da Kugbo abu ne mai kyau, sai dai tasha gini ce kawai idan babu bas ɗin da mutum zai rantse cewa zai tashi ƙarfe tara na dare ko an cika ko ba a cika ba.

Batun jinkirin fara wasa ya cancanci a ɗan dakata a kansa, domin laifi ne da aka mayar ado. Mai shirya wasa yakan jira manyan baƙi su iso kafin ya bari a hau dandamali, manyan baƙin kuwa sukan jira a ce musu wuri ya cika kafin su baro gida, shi kuma tauraron yana ɗakin otal yana jiran a cika masa ragowar kuɗinsa. Wanda ya zo a kan lokaci, ya biya kuɗin ƙofa da guminsa, shi ake hukuntawa da zaman awa huɗu yana sauraron faifai. Hadiman manya da ke karanta wannan shafi sun fi kowa sanin yadda abin yake, tunda su ake bugo wa waya ana tambaya ko mai gida ya taso. Da za su riƙa faɗa wa masu taro cewa a fara kawai, mai gida zai shigo ya tarar, da sun yi wa jama'a hidimar da ba ta buƙatar ko kwabo daga baitulmali.

Hukumomi suna da nasu uzurin, kuma ba uzurin banza ba ne. Abuja ta ga jini a wuraren taruwa. Ranar 1 ga Oktoba 2010, ana tsakiyar bikin cikar Nijeriya shekara 50, motoci biyu suka tashi da bam kusa da Dandalin Eagle. A jajibirin sabuwar shekara, ƙarshen watan Disamba na wannan shekarar, aka kai hari kasuwar barikin Mogadishu inda ake cin kifi. A 2014 aka tayar da bam a tashar Nyanya da safiyar 14 ga Afrilu, sannan a rukunin shagunan Emab da ke Wuse 2 a watan Yuni. Jami'in da ya kwashi gawa a irin waɗannan wurare ba za a zarge shi ba idan ya ga taron jama'a gabansa ya faɗi. Haka nan turmutsitsin watan Disamba 2024, wanda ya ci rayukan yara 35 a wani bikin yara a Ibadan, da mutum goma a wurin rabon abinci a Maitama, ya nuna cewa taro kan yi kisa ko babu maƙiyi.

Amma darasin da ke cikin waɗannan musibu shi ne a iya shirya taro: ƙofofin shiga da na fita daban-daban, a san adadin da wuri zai ɗauka a kuma tsaya a kansa, a bincika jaka, a ajiye motar asibiti, a haska ko'ina. Hana taron ba ya kashe sha'awar mutane, sai dai ya kora ta cikin lungu. Lokacin da hukumar birnin ta ba da umarni a 2022 cewa lambuna su riƙa rufewa da ƙarfe bakwai na yamma, ta kafa hujja da hayaniya da tsaro da sayar da giya a wuraren da aka ware domin iyali. Wasu daga cikin ƙorafe-ƙorafen gaskiya ne, domin lambuna da yawa sun tashi daga wurin shan iska sun koma mashaya mai katanga, kuma maƙwabcin da lasifika ta hana barci yana da haƙƙi, har dokar hana hayaniya ta 2009 tana bayansa. Sai dai umarnin ya rufe ƙofa bai buɗe wata ba. Matashin da aka kora daga lambu bai tafi gida karatu ba, ya koma ɗakin shisha mai duhu inda babu wanda ke ganin abin da ake yi.

Wannan ita ce amsar da ta dace da mai karatun da ke jin ƙyamar batun tun daga take, wanda zai ce ina ruwan mutumin kirki da filin kiɗa. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin kiɗa, kuma shafin jarida ba wurin yanke wannan ba ne. Wanda ya zaɓi ya ƙaurace, zaɓinsa ne, a girmama shi. Amma ƙasar Hausa ba baƙuwar dandali ba ce. A gaban fada ake kaɗa tambari da busa kakaki da algaita daren Juma'a, a fili ake hawan Sallah, wanda hukumar UNESCO ta sanya na Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba 2024, bayan na kamun kifin Argungu da ya shiga a 2016. Da kaka ake kalankuwa da kokawa da dambe, da rana tsaka, dattawa na zaune a gefe. Abin da ya tsare mutuncin waɗannan wasanni shi ne idon jama'a. Yaro ba ya iya yin abin kunya a inda kawunsa ke kallo. Wasan da aka fara bayan la'asar, aka dakata aka yi magariba, aka tashi kafin tara, babu giya a harabar, ya fi kusa da tarbiyyar da iyaye ke so fiye da abin da 'ya'yansu ke kallo a waya su kaɗai a ɗaki.

Kuma shaida tana nan a gefen birnin, ga mai son gani. A Dei-Dei akwai gidan dambe da ya shekara da shekaru yana tara jama'a, 'yan Kudu da Jamus da Guramada suna karawa, makaɗa na zuga su da kalangu, mahauta da direbobi da 'yan kasuwar katako suna biyan kuɗin ƙofa ba tare da gwamnati ta sa sisi ba. Ba wurin da za a kai ƙananan yara ba ne a yadda yake, kuma yana da nasa aibobin, amma ya tabbatar da abu ɗaya: talakan Abuja yana biyan kuɗi ya kalli wasa idan an kawo masa kusa da gida, a farashin da ya san zai iya, a lokacin da ya san ba za a saɓa ba. Haka nan ƙungiyoyin matasa da ke hawan duwatsun Katampe da Mpape da kewayen madatsar Usuma da safiyar Asabar, su ma babu wanda ya shirya su sai kansu. Ƙishirwar fita tana nan, mai shayarwa ne babu.

Akwai wata asara kuma da ta shafi waƙar Hausa kanta, wadda ba a cika magana a kanta ba. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a gaban jama'a yake ƙera waƙa, makaɗan kalangu na biye da shi, 'yan amshi na karɓa, yana duban fuskokin mutane yana sauya zance. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa kaɗai yake riƙe taro. Barmani Choge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya ba su san wani abu wai shi faifan rakiya ba. Wannan gwaninta a fili ake koyonta, a gaban mutanen da za su iya tashi su tafi idan waƙa ba ta yi daɗi ba. Yau kuwa mawaƙin zamani yakan hau dandamali a sa masa waƙarsa da aka ɗauka a situdiyo, ya riƙe makirufo yana bin ta da baki, yana tsalle yana cewa a ɗaga hannu. Mutane sun biya kuɗi sun zo jin abin da ke cikin wayarsu. Akwai masu murya a cikinsu ƙwarai, kuma kaɗan daga ciki, irin su Aminu Ala, sun nuna cewa ana iya haɗa waƙar zamani da makaɗa masu rai. Amma riƙe ƙungiyar makaɗa tsada gare shi, sai an yi atisaye, sai an biya kowa, kuma babu mai ɗaukar wannan nauyi idan babu wurin da zai riƙa yin wasa a kai a kai.

Daga nan ne waƙar siyasa ta samu gindin zama. Mawaƙin da ba shi da jama'a masu sayen tikiti dole ya nemi mutum ɗaya mai kyautar mota, kuma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ana yawan zargin mawaƙa da cewa sun zama 'yan amshin shatan masu mulki, yau su wasa wannan gobe su zage shi, amma ba a tambayar wace kasuwa aka bar musu. Waƙar noma da ta sana'a da ta wa'azi da ta zambo ga azzalumi duk sun rayu ne a lokacin da talaka ke ciyar da mawaƙi da kwabonsa. Har hanyar liƙi ma yanzu ta zama mai haɗari, domin sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira a wurin biki, da hukuncin ɗaurin wata shida ko tarar naira 50,000 ko duka biyun, kuma tun 2024 hukumar EFCC ta fara gurfanar da mutane a kan haka da gaske. Idan an toshe liƙi, ba a kuma buɗe ƙofar tikiti mai rahusa ba, to an miƙa mawaƙi ga ɗan siyasa hannu da ƙafa.

Gwamnati ta taɓa gwada wani abu. A 2005 aka fara bikin Kanibal na Abuja, jihohi suka riƙa turo tawaga, aka yi hawan dawaki da tseren kwale-kwale a Jabi da jerin gwanon dodanni a kan titi. Shekarun farko ya yi armashi, daga baya ya riƙa tangal-tangal har ya dusashe. Na Kalaba kuwa, wanda gwamna Donald Duke ya fara a 2004, yana nan har yau. Bambancin a bayyane yake. Mutanen Kalaba sun ɗauki nasu a matsayin abinsu, suna da ƙungiyoyin da ke shiri tun watanni kafin lokaci, kamfanoni na zuba kuɗi saboda sun san ranar ba ta motsi. Na Abuja kuwa bikin ma'aikata ne, ya dogara ga sakin kuɗin kasafi da ra'ayin ministan da ke kai, 'yan kallo kuma baƙi ne a cikinsa. Abin da aka yi sau ɗaya a shekara da kuɗi masu yawa yakan mutu ranar da kuɗin suka makara. Abin da ake yi kowane mako da kuɗi kaɗan shi ke zama al'ada.

Saboda haka buƙatar ba ta wani gagarumin biki ba ce da za a kafa wa kwamiti a buga masa riguna. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ba ya sauka a Abuja sai nadiran, yamma tana da sanyi, musamman da hunturu. A cire watan azumi idan ya faɗo ciki, saura makonni masu yawa. Sashen kula da lambuna na hukumar birnin zai iya ware yammacin kowace Asabar a wurare uku ko huɗu, ɗaya a tsakiyar birni, sauran a Kubwa da Nyanya ko Karu da Gwagwalada, ya kafa dandamali mai sauƙi da wuta da makewayi mai tsabta da wurin sallah, ya ce daga huɗu da rabi zuwa takwas da rabi. Sharaɗi ga duk wanda zai hau shi ne ya zo da makaɗansa, kuma a fara a kan minti. Wannan mako Gbagyi masu ƙasa, mako mai zuwa masu goge da kalangu, na gaba masu hayilayif ko juju ko rawar Tibi, domin birnin na kowa ne kuma ɗan Bahaushen da aka haifa a Kubwa ya kamata ya san kiɗan maƙwabcinsa. Masu tsire da masa da kunun aya su biya ɗan kuɗin rumfa. Kamfanonin waya da bankuna, waɗanda ke kashe maƙudan kuɗi a Legas kowace Disamba, ba za su ƙi liƙa tutarsu a wurin da iyalai ke taruwa duk mako ba, muddin an ba su jadawalin da ba ya canzawa.

Faransa ta yi irin wannan da abu mafi sauƙi. A 1982 ministan al'adunta Jack Lang ya ware ranar 21 ga Yuni ya ce duk mai abin kiɗa ya fito titi ya kaɗa kyauta, kuma yau ana yin bikin a ƙasashe fiye da ɗari. Gwamnati ba ta ɗauki nauyin kowa ba, izini ta bayar da rana tabbatacciya.

Ɓangaren da ya fi wuya shi ne wanda ba ya fitowa a hoto, wato motar komawa. Idan kamfanin bas na birnin ya ajiye motoci a bakin fili, aka rubuta a jikinsu Nyanya da Mararraba, Kubwa da Dutsen Alhaji, Lugbe da Kuje, aka ce ta ƙarshe za ta tashi ƙarfe tara da ɗan sanda a ciki, aka kuma tsawaita zirga-zirgar jirgin ƙasa a wannan dare kaɗai, to an cire babban abin da ke hana uwa fitowa da 'ya'yanta. Idan ba a yi wannan ba, duk sauran shirin zai koma na masu mota, wato waɗanda dama suna da wurin zuwa.

Akwai dalilin gaggawa kuma. Filin da ba a amfani da shi a Abuja ba ya daɗewa a matsayin fili. Gwamnatoci daban-daban na birnin sun sha kokawa da yadda ake mayar da wuraren da aka ware wa lambuna gidaje da shaguna da wuraren biki, wani lokaci a rushe, wani lokaci a kau da kai. Lambun da babu kowa cikinsa sai ciyawa ba shi da mai kare shi ranar da takardar mallakarsa ta sauya suna a cikin wani fayil. Lambun da iyalai dubu ke zuwa duk Asabar kuwa, taɓa shi sai an shirya amsa tambayoyi. Ma'aikatan da fayilolin filaye ke bi ta teburinsu sun fahimci wannan fiye da kowa.

Tun 2023 akwai ma'aikatar tarayya mai ɗauke da sunan fasaha da al'adu da tattalin arzikin ƙirƙira, kuma ana yawan jin jawabai a kan biliyoyin da waƙar Nijeriya za ta kawo daga waje. Hedikwatar ma'aikatar tana cikin birnin da ƙaramin ma'aikacinta bai taɓa kai 'ya'yansa kallon makaɗi ba. Nyesom Wike, a matsayinsa na ministan birnin, ya nuna cewa idan ya sa rana a kan titi ko gada ana gamawa, kuma abin da ake nema a nan bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba. Ko makaɗan farko ma ba sai an yi haya ba. Rundunar soja da ta 'yan sanda da ta sojan ruwa duk suna da 'yan badujala ƙwararru, da kayan busa da ganguna da aka saya da kuɗin jama'a, ana biyansu albashi kowane wata, kuma galibi ba a jin su sai ranar fareti ko jana'izar babban mutum. Takarda ɗaya daga ofishin da ya dace ta isa ta fito da su Lambun Millennium ranar Asabar ta farko a watan Nuwamba, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma.